Abin da Kumbo Ta Gaya Mini Sau Biyu

Gwarzo, ranar Talata bayan la'asar.

Zuwa ga Yayarsu Aminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin sauka lafiya, jirgi bai juya miki hanji ba. Allah Ya sa kin faɗa hannun mutanen kirki, Ya tsare ki daga sharrin na kusa da na nesa, Ya tsare miki addininki da mutuncinki. Babanku yana sa miki albarka. Na cusa takardar nan cikin ninkin sallayarki, don na san komai ruɗewar baƙunci ba za ki wuni ba ki warware ta ba. In kuwa sai bayan mako kika gan ta, to, wannan wata shari'a ce da za mu yi daban.

Ba labarin gida zan ba ki ba, don sanda za ki karanta wannan, jiya-jiya kika bar shi. Magana ce ta tsaya mini a wuya tun ranar Juma'a, kuma kin san ni da ke ba mu saba zama mu yi hira ba. Ke ce 'yar fari, ni kuma an raine ni a kan cewa uwa ba ta sakin baki da ɗan fari. Shi ya sa na ɗauko biro.

Ranar Juma'ar ina madafa lokacin da Baffanki Alhaji Sale ya zo sallama da ke. Kun ɗauka ƙarar turmin maƙwabta ta rufe mini kunne. Na ji komai. Na ji ya ce wa babanku:

"Yanzu fisabilillahi, Malam, a ɗauki yarinya a kai ta Kyuba, bangon duniya, ta yi shekara guda cur ko allura ba ta taɓa ba, wai tana koyon Sifaniyanci? Yaren nan na Alƙur'ani ne ko na ofis? In ta dawo da wa za ta yi shi, da mutanen Kabo? Ga makaranta nan kusa, da Turanci ake komai, na sa an riƙe mata gurbi."

Wannan bai dame ni ba. Baffanki tun ina amarya bai taɓa ganin abin da ya wuce tashar mota ya yaba ba. Amsarki ce ta sa na kusa sakin ludayi cikin miya. Kika ce, da 'yar muryarki ta ladabi:

"Baffa, zan gwada wata uku. In na ga yaren ya gagare ni sai in dawo. Kuma ma ai akwai waya, tana fassara komai."

Wata uku! Waya! To buɗe kunnenki, yarinya, ki ji. Na karanta takardar da makarantar ta aiko, Turancina bai mutu ba tukuna. Sun ce ba za su bar ɗalibi ya taɓa marar lafiya ba sai ya iya tambayarsa ciwonsa baki da baki, da yaren da marar lafiyar ya sha a nono, ba tare da tafinta ba. Ban san wanda ya kafa wannan doka ba, ban san addininsa ba, amma na san ya taɓa binne wani saboda rashinta. Ni ma na binne. Abin da zan gaya miki ke nan, kuma bayan babanku da mace ɗaya, babu wanda ya taɓa ji daga bakina.

Na fito daga makarantar koyon aikin lafiya a Kano ina da shekara ashirin da biyu, da farin kaya, da agogo maƙale a ƙirji, da Turanci a baki kamar an ɗura mini da mazurari. Aka tura ni wani ɗan sha-ka-tafi a wajen Kutama: ɗaki biyu, benci ɗaya dogo, da darbejiya a ƙofa. Kullum daga Gwarzo nake zuwa. A lokacin gani nake duk wanda ya zauna a kan bencin nan jahili ne da ya zo ɓata mini lokaci. Tsohuwa za ta ce wani abu yana mata yawo a jiki, yau a kafaɗa gobe a ƙugu, sai in taɓe baki in rubuta abin da na ga dama. In ina son in yi gulmar marar lafiya a gabansa, sai in juya harshe zuwa Turanci. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa nawa har da kunnuwa biyu na naɗa.

Shugabata a wurin wata Kirista ce 'yar Filato, Sista Rifkatu, ana ce mata Maman Yohanna. Mijinta yana koyarwa a firamare. Tana jin yarensu, tana jin Hausa, tana jin Turancin da ya fi nawa, amma duk ranar kasuwa in aiki ya lafa sai ta ɗauki wani ɗan littafi ta tafi gindin darbejiya inda matan Fulani masu nono ke hutawa. Ta tuɓe takalmi ta zauna a ƙasa cikinsu, da farin kayanta da komai. Su faɗi kalma, ta maimaita, su kwashe da dariya, ita ma ta taya su. Wata rana na ce mata:

"Sista, fura za ki koma sayarwa ne?"

Ta ce, "Binta, ciwo ba ya jin Turanci. Zo ki zauna, ga wuri."

Na ce, "Ni? Su da suka zo ƙasarmu ai su ya kamata su koyi Hausa."

Ta dube ni kawai, ta ci gaba da rubutunta. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. An yi mini tayin ilimi kyauta, a inuwa, da nono mai sanyi a gefe, na ƙi don kada farin kayana ya yi ƙura. Saboda haka ke in kin ji ɗalibai 'yan'uwanki suna cewa shekarar koyon yare ɓata lokaci ce, su sun ƙosa su kai ga yanka da ɗinki, ki bar su da bakinsu. Duk inda kika ga tsofaffin garin a zaune, ko masu sharar asibiti suna hutawa, ki je ki zauna. In sun yi miki dariya, dariya ba ta fasa fata.

Sai ranar da ba na mantawa. Rani ne, ranar kasuwa, layi har ya wuce darbejiya. Sista ta tafi Gwarzo karɓo allurar rigakafi, ni kaɗai ce a wurin, ga shi ina ɗauke da cikinki wata biyar, zafi ya ishe ni. Wani dattijon Bafulatani, Malam Buba, ya shigo da wata yarinya da ba ta fi shekarunki na yanzu ba, da ciki kamar wata bakwai. Kumbo suke kiranta. Matar ɗansa ce, an auro ta daga can arewa wajen bakin iyaka, ko "sannu" ba ta iya ba. Mijin ya yi kudu da shanu. Dattijon shi yana jin Hausa sarai, mutumin kirki ne, shi ya ɗauko ta a bayan keke tun daga ruga. Na ji daɗi ma, na ce ga tafinta Allah Ya kawo.

Na ce, "Baba, tambaye ta me ke damunta."

Ya tambaye ta. Ta juya fuska bango, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta yi magana can ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Wai kanta ne, da jiri."

"Ba komai bayan wannan? Cikin fa?"

Ya sake tambaya, shi ma idonsa a ƙasa. Ta girgiza kai.

Yanzu ki tsaya ki duba wautata, kuskurena na biyu. Ni Bahaushiya ce, an haife ni a garin nan. Ni kaina ko ruwa ban taɓa sha a gaban kakanku ba, in na hango shi tafe sai in saki hanya. Na san kunyar suruki sarai, na kuma san ta Fulani ta ninka tamu. Amma na ɗauki surukin yarinya na dasa shi tsakanina da ita, na ce ta gaya masa abin da ke faruwa a ƙarƙashin zanenta. Ban kwantar da ita na duba ba, layi ya yi tsawo. Na ja fatar idonta na ga ta yi fari, na ce ƙarancin jini ne irin na masu ciki. Na ƙirga mata maganin ƙarin jini da na zazzaɓi.

Ina cikin naɗe maganin a takarda, sai wani ya kira Malam Buba daga waje, wai kekensa ya tare hanya. Yana fita, yarinyar nan ta miƙo hannu ta kama gefen rigata. Ta ɗago kai, karon farko da na ga idanunta. Ta faɗi wata magana da sauri. Na ce, "Me?" Ta ƙara ƙanƙame rigar, ta sake faɗa, a hankali wannan karon, kalma-kalma, yadda ake yi wa yaro. Sau biyu ta gaya mini.

Kin san abin da na yi? Na leƙa ƙofa na ɗaga murya na ce, "Baba! Zo ka ji abin da take cewa."

Ta saki rigata. Ya shigo ya tambaye ta, ta mayar da fuska bango. Ya ce, "Ta ce ba komai." Na miƙa musu magani, na ce na gaba ya shigo.

Sai da na zo rufe ɗaki da yamma na ga tabo a kan benci inda ta zauna. Na ce wa kaina wataƙila na wani ne, mutum nawa suka zauna a nan yau. Na sa ruwa na goge. Ban san rugarsu ba, ban kuma tambaya ba. Washegari da hantsi suka kawo ta a amalanken shanu, zanen da ke ƙarƙashinta ya jiƙe sharkaf. Sista ta tsayar da mota, muka nufi babban asibiti da ita. Ba mu kai ba. Kanta yana kan cinyata ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Na san abin da za ki ce, don kowa shi yake cewa: kwana ne ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara, babanku malami ne, ba sai an karanta mini ba. Amma ƙaddara ba ta hana a tambayi mutum abin da ya yi da amanar da aka ba shi. Ga nasihata a nan, ki rubuta ta a inda ba za ta goge ba. Kada ki taɓa mai da dangin marar lafiya tafintanki. Miji, uba, ɗa, suruki, kowannensu akwai abin da ba za a iya faɗa a gabansa ba, kuma sau da yawa wannan abin shi ne ciwon. Ba na zaton mutanen Kyuba suna kunyar suruki irin tamu, amma ba a taɓa yin mutanen da ba su da abin ɓoyewa ba. Ki nemo nasu. Ki san gaban wa mace ba ta magana, gaban wa namiji ke cewa lafiyarsa ƙalau alhali yana mutuwa. Ba za ki san wannan ba sai kina jin abin da suke faɗa in sun ɗauka babu baƙo a wurin.

Ita kuwa wayar da kike taƙama da ita, gaya mini, da tana hannuna a ranar, me za ta yi? Yarinya ta sami ɗan lokacin da bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Kafin in lalubo waya, in danna, in kara mata a baki, dattijo ya dawo. In ma ta fassara, da ƙarfi za ta faɗa, duk na kan benci su ji. Kuma wace mace ce za ta raɗa wa ƙarfe abin da ta kasa gaya wa mutum? Rigata ta kama, ni ta zaɓa, don ta ga mace ce mai ciki irinta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaren da za ki ceci rai da shi, tun kafin ranar ake zuba shi a kai.

Kuskurena na uku ya fi na biyun muni, don shi da gangan na yi. Da aka zo rubuta rahoto, na rubuta cewa marar lafiya ba ta bayyana tana zubar da jini ba, kuma an makara wajen kawo ta. Duk wanda ya karanta zai ce, oho, halin mutanen daji ke nan, ɓoye-ɓoye. Babu wanda ya tuhume ni. Na ɗora wa matacciya laifi don ba ta da bakin musu.

Amma maganar nan tata ta ƙi barina. Ban san ma'anarta ba, sautin ne ya zauna mini a kunne kamar karatun allo. Ina wanke-wanke ina jin ta, ina salla ina jin ta. Bayan kamar mako guda, muna wanke kayan aiki ni da Sista, na ce mata, kamar da wasa:

"Sista, ke da kike jin Fulatanci, me ake nufi da wannan?" Na maimaita mata yadda na ji.

Ta ajiye almakashin da ke hannunta. Ta ce, "Wa ya gaya miki haka?"

Na ci gaba da wanke kayan.

Ta ce, "Binta, cewa aka yi: jini nake zubarwa, yau kwana biyu, kada ki gaya masa."

Na zauna a ƙasa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko rahoton ta ajiye a gabana da biro, ta ce, "Kin rubuta ba ta faɗa ba. Ta faɗa. Ke ce ba ki ji ba. Gyara." Na gyara da hannuna, na sa hannu. An kira ni ofis an yi mini faɗa, aka sa takardar gargaɗi a fayil ɗina, ta bi ni har na ajiye aiki. Ban taɓa jin haushin takardar nan ba.

To ke ma za ki yi kuskure, babu likitan da ba ya yi. Ranar da kika yi, za ki ga hanya mai sauƙi a buɗe: ki ce marar lafiya ne bai yi bayani ba, bai bi umarni ba, bai waye ba. Duk asibitin duniya wannan ƙofa a buɗe take, kuma an fi tura wanda ba ya jin yaren likita ta cikinta. Kada ki bi. Kafin ki rubuta "bai faɗa ba", ki tambayi kanki ko ke ce ba ki ji ba.

Ranar kasuwar da ta zagayo na tuɓe takalmi na zauna a gindin darbejiya. Nan ma sai da na yi wata wautar. Na zo da gaggawa, na ce su gaya mini sunan kai, da ciki, da jini, da naƙuda, shi ke nan abin da nake buƙata. Na haddace su tsaf. Mace za ta shigo, in jefa mata "ciki?" "jini?" kamar ɗan sanda a shingen hanya, ita kuwa ta yi mini kallon mahaukaciya ta ja bakinta ta tsuke. Wata tsohuwa cikin masu nonon ce ta gaji da ni, ta ce da 'yar Hausarta, "Malama, kai ba ya gaisuwa? Gida ta ƙofa ake shiga." Sai ta mayar da ni farko. Wata biyu ba ta koya mini komai ba sai gaisuwa: an kwana lafiya, ya shanu, ya yara, ya gajiya, ya mutanen ruga. Na ga kamar wasa take da ni. Ashe in kin gaida mace da yarenta har kin tambayi saniyarta da ta haihu, kafin ki kai ga ciwon ta riga ta fara gaya miki.

Saboda haka kada ki koyi Sifaniyancin jarrabawa kaɗai, na sunayen ƙashi da jijiya. Ki koyi na gaisuwa, na ciniki, na ta'aziyya, na zolaya. Ki koyi yadda tsohuwarsu ke kwatanta ciwo, don na tabbata su ma suna da abin da ke musu yawo a jiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, aikinki ki gane kwatancensa. Ki koyi kalmomin da ake jin nauyin faɗa, da waɗanda ake sakayawa da su. Kuma ki koyi yadda ake cewa "ku ɗan ba mu wuri" cikin ladabi, yadda mai gida zai fita ba tare da ya ji an kore shi ba.

Shekara uku na yi kafin bakina ya faɗa. Har yau in na yi Fulatanci sai sun ce na Kanawa ne, kamar ana tauna ƙashi. Su ce mana. Bayan an mayar da ni Gude, na yi shekara goma sha huɗu babu namijin da ya tsaya a ɗakina ina duba matarsa ko surukarsa. Sun kai ƙarata wurin mai gari, wai malamar asibiti ba ta da kunya, tana korar dattawa. Na ce a gaya musu kunyar ce ta sa nake korarsu. Wata rana wata ta kama mini riga kamar yadda Kumbo ta yi, a irin wannan hali, ta raɗa mini magana. Na ji. Kafin azahar tana babban asibiti ana ƙara mata jini. Ɗan da ta haifa shi ne wanda ya kawo mana tunkiya da babbar sallar bara, kika yi ta tambaya wane ne, na ce miki ɗan wata ƙawata ne.

Wannan ita ce amsar Baffanki da yake cewa in kin dawo da wa za ki yi Sifaniyanci. Wataƙila ba kowa. Amma wadda ta taɓa zama bebiya a ƙasar wasu, ta san zafin ciwo yana cinta ta rasa kalmar faɗa, ba za ta dawo ta yi wa Bafulatana ko tsohuwar Sabon Birni tsawa da Turanci ba. Kunnen da ya buɗe sau ɗaya ba ya toshewa. In kin dawo, Fulatanci na jiranki, ni zan koya miki, da duk taunar ƙashin.

Yanzu bari in gaya miki abin da na aikata, ki yi fushin ki gama tun kina can. Jiya na sa mayafina na tafi gidan Baffanki. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce:

"Yaya Alhaji, gurbin nan da ka sa aka riƙe, Allah Ya saka da alheri, amma a ba 'yar wani. Tawa ba za ta dawo a wata uku ba."

Ya ce, "Binta, ke ce za ki yanke wannan? Da ubanta a raye?"

Na ce, "Da izinin ubanta na zo. Shi ya ce in zo da kaina, tunda ni na fi shi baki."

Ya ce mata sun lalace, ya ce boko ya ɓata gidan ƙaninsa, ya ce in wani abu ya same ki a can kada a zo masa da kuka. Na ce to. Na sha ruwan da aka kawo mini, na yi sallama. Saboda haka babu wani gurbi da ke jiranki a nan. In rashin lafiya ce, ko wani ya taɓa miki addini ko mutunci, ki kira, ko me zan sayar zan dawo da ke a makon. Amma in yare ne ya yi wuya, in kuka kike don malama ta yi magana tun safe ba ki tsinci komai ba, to ki yi kukan, ki wanke fuska, ki koma aji. Ni da cikinki a gaba na fara, a ƙasa, cikin ƙudan nono.

Saura kuskure ɗaya, shi ne wanda ya shafe ki. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki ba. "Ke", "yarinyar nan", da aka haifi Aminu kuma kika zama "Yayarsu". Kowa ya ce Binta akwai kara, dubi yadda take kunyar 'yar fari. Na bar su a haka don ya rufa mini asiri. Duk abin da kike so wurina sai dai ki aiko Gwaggonki, ni ma in aika ta. Ranar da kika fara ganin al'ada ita kika gaya wa, ni a bakinta na ji. Ni da na yi rantsuwa babu sauran tafinta tsakanina da 'ya'yan mutane, sai ga shi na ajiye tafinta tsakanina da 'yar cikina shekara goma sha tara. Wannan ya ci mini rai, kuma ina neman ki yafe mini.

Ba kunya ce kaɗai ta hana ni ba. Kumbo laƙabi ne. Ranar da na gyara rahoton nan na duba katinta da kyau, na ga sunanta na yanka da Malam Buba ya ba ni na rubuta ba tare da na ko kula ba. Da na koma gida na gaya wa babanku komai, na roƙe shi in mace na haifa ya sa mata sunan. Ya ce suna ne mai albarka, na mahaifiyar Annabi Isma'ila, babu wanda zai tambayi dalili. Haka aka raɗa miki shi. Na ɗauka zan riƙa kira kullum ya zama mini kaffara. Sai na tarar duk sanda na buɗe baki, ina jin hannu a gefen rigata.

Ban sa miki sunan don ki biya mini laifina ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Kuma ba ni na ce ki karanta likita ba, ke kika zaɓa. Amma da takardar nan ta zo na ga sharaɗin da suka sa, na shiga ɗaki na yi sujada.

Abu ɗaya nake so daga gare ki. Wata rana, ko bana ko baɗi, wata za ta jira a fita a bar ku ku biyu, ta kama miki riga ta faɗi magana da yarensu. Ba sai kin gaya mini abin da ta ce ba, sirrinta ne. Ki kira ni kawai ki ce, "Inna, na ji."

Ki riƙe salla a kan lokacinta ko da ke kaɗai ce mai yi a garin. Ki kula da abin da kike ci. Yajin da na daka miki yana cikin gwangwanin madara, in ba su ƙwace a filin jirgi ba. Allah Ya buɗe miki kunne da ƙirji, Ya saki harshenki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa, namu da nasu. Allah Ya kare ki a tafe da zaune, Ya dawo mana da ke lafiya muna raye. Allah Ya jiƙan mai sunanki, Ya yafe mini.

Allah Ya yi miki albarka, Hajara. Ga shi na rubuta. Ranar da kika dawo, da bakina zan kira ki, a tsakar gida, kowa yana ji.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Binta.